Dawakin Yaƙi, Keken Ɗinki Da Wayar Hannuna

Ni tela ne a Kaduna. Ɗinkin maza nake yi, kaftani da babbar riga da 'yar shara, kuma a Tudun Wada na koyi sana'ar tun ina sakandare, kafin daga baya in buɗe shagon kaina a unguwarmu da ke gefen gari. Na ga ya dace in ba da labarina ne saboda akwai wasu shekaru da na kusa rasa sana'ata da mutuncina a idon jama'a, alhali ban taɓa shan ƙwaya ba, ban taɓa zama a dandalin caca ba. Waya ce ta yi mini wannan aika-aika, kuma ta ƙofar tausayin dabbobi ta shigo mini.

Son dabba gado na yi. Kakana na wajen uwa tsohon soja ne, yana cikin waɗanda Turawa suka kwasa zuwa Burma a Yaƙin Duniya na Biyu. A 1944 bataliya uku ta sojojin Najeriya ta shiga cikin rundunar nan da ake kira Chindit, wadda ke kutsawa daji ta bayan sojojin Japan. Sunan rundunar ne aka sa wa barikin Chindit na Zariya, kamar yadda Dalet da Kalapanzin na nan Kaduna suka samo sunansu daga wuraren da aka gwabza a can. Kaka ba mai yawan zancen yaƙi ba ne. In ka tambaye shi ko ya taɓa kashe mutum, sai ya ɗauki carbinsa ya kau da kai. Amma in aka zo kan alfadarai, to ya samu abin faɗa. Su ne ke ɗaukar na'urar sadarwa da akwatunan harsashi a cikin duwatsu da taɓo, kuma kafin a shiga daji da su sai da likitocin dabbobi suka yi musu aiki a maƙogwaro, don kada kukansu ya tona asirin inda sojoji suke. Yakan ce, "Za ka ga alfadari ya buɗe baki iya ƙarfinsa, ba abin da ke fita sai iska." Daga nan sai ya yi shiru. Ina yaro ƙarami na ji wannan magana, har gobe tana nan a raina.

A ƙarshen watan Maris na 2020 aka kulle Kaduna saboda korona. Ba kasuwa, ba Juma'a, ba biki, tela kuwa da biki da Sallah yake rayuwa. Wani abokina mai shagon tura fina-finai ya cika mini waya kafin a rufe, ya ce in rage zaman kaɗaici. A cikinsu ne na ci karo da War Horse, fim ɗin da Steven Spielberg ya yi a 2011. Labarin wani doki ne da uban yaro ya sayar wa sojojin Ingila a farkon Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya yi ta sauya hannu, yau wajen Turawan Ingila, gobe wajen Jamusawa, har aka ɗaura masa jan igwa a kan tudu. Akwai wurin da dokin ya firgita ya yanka da gudu tsakanin ramukan sojojin ɓangarorin biyu, waya mai ƙaya ta nannaɗe shi ya faɗi. Gari na wayewa wani sojan Ingila da wani na Jamus suka fito daga ramukansu, suka haɗu suna yanke wayar ɗaya bayan ɗaya. Wallahi a wurin nan na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifina. Matata ta fito daga ɗaki a tsorace tana tambayar wa ya mutu.

Ba na jin kunyar wannan kuka, don abin da fim ɗin ya nuna ba ƙage ba ne. An ƙiyasta dawaki da alfadarai da jakuna wajen miliyan takwas ne suka halaka a yaƙin nan na 1914 zuwa 1918, kuma akasarinsu ba harsashi ne ya kashe su ba. Yunwa ce, da sanyi, da cuta, da gajiyar jan kaya a cikin taɓo. Ba wanda ya yi shawara da su. Mutum zai iya cewa ƙasarsa yake karewa ko albashi yake nema, doki kuwa janyo shi aka yi daga gona.

Daga wannan fim na shiga neman irinsa. Na karanta labarin tantabarar nan Cher Ami, wadda a watan Oktoba na 1918 ta kai saƙon wasu sojojin Amurka da aka yi wa ƙawanya a dajin Argonne na Faransa, harbi a ƙirjinta, ƙafa ɗaya na reto, aka ceto mutum 194. Na san cewa a 1943 aka ƙirƙiro lambar yabo ta Dickin a Ingila domin dabbobin da suka yi bajinta a yaƙi, kuma tantabaru 32 sun same ta. Na kalli na karnukan da ke shinshino bam a Iraƙi da Afganistan. Har zuwa nan ba laifi, ilimi nake ƙaruwa da shi. Inda abin ya lalace shi ne lokacin da wayar ta gane abin da ke taɓa mini zuciya. Facebook da TikTok da YouTube suka fara turo mini guntattakin bidiyo ba ƙaƙƙautawa. An yanka fim gunduwa-gunduwa, an ɗora masa kiɗa mai sa kuka, an tsayar da shi daidai wurin da za a harbe dokin, an rubuta a nemi kashi na biyu. Kana neman kashi na biyu sai ka faɗa kan karen da ya kwanta a kabarin ubangidansa, daga nan sai rigimar 'yan fim, sai wa'azin minti ɗaya, sai wani doki kuma.

Aka buɗe gari, aiki ya dawo, amma ni ban dawo ba. Na samo wa kaina hujja mai kyau: ai tallar ɗinki nake yi a intanet, kwastoma kuma ta WhatsApp suke turo samfuri. Wayar tana jingine a jikin keke, kusa da zare. In na ɗinke hannu ɗaya sai in ce bari in ɗan huta. Hutun ne zai kai ni azahar. Da dare kuwa, bayan kowa ya kwanta, sai in ja bargo in rufe kaina don hasken kada ya tashi yara. Sau da dama kiran assalatu ne ke sanar da ni dare ya ƙare, in yi salla ido na yaji, in koma in kwanta har hantsi. Yaran shago su zo su tarar da ƙofa a rufe su zauna a kan benci.

An daɗe ana yi wa teloli shaidar saɓa alkawari, amma ni a da ba a san ni da haka ba. Shi ya sa abin da ya faru a jajibirin Babbar Sallah ta 2021 ya tsaya mini. Wani dattijo mai sayar da itace ya kawo mini yadi tun da sauran lokaci mai tsawo, na 'ya'yan ƙaninsa marayu su uku, ya biya kuɗin ɗinki duka a ranar, yana warware su daga ƙullin leda. Ya zo karɓa bayan isha'i da ƙaramin cikinsu a hannu. Yadin yana nan a ledarsa a ƙarƙashin tebur, ko alli ban sa masa ba. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam, da ka gaya mini ba za ka iya ba, da na kai wani wuri." Yaron kuwa sai leƙen kayan da ke rataye yake yi, yana tambaya, "Baba, wanne ne nawa?" Na kwana a kan keke na gama biyu, na ukun sai bayan an sauko daga idi. Dattijon bai sake kawo mini ɗinki ba, kuma yana da gaskiya. A daren da ya gabaci wannan, ina kwance ina share hawaye a kan wani kare da ban taɓa gani ba a wata ƙasa da ban taɓa zuwa ba.

A ƙarshen Satumba na 2021 gwamnatin jiha ta sa aka katse layukan sadarwa a wasu sassan Kaduna saboda 'yan bindiga, ba a maido ba sai wajen ƙarshen Nuwamba. Unguwarmu na cikin inda abin ya shafa. Mutane sun sha wahala ƙwarai, masu POS suka tsaya cik, mai mara lafiya ba ya iya kiran kowa. Ni kuma a kwanakin farko sai na riƙa jin kamar an cire mini wani abu a jiki. Hannuna ya tafi aljihu da kansa, in duba waya, ba komai, in mayar, can anjima in sake. Har mota nakan shiga zuwa cikin gari ba don komai ba sai don in sauke bidiyo in dawo da su. Da abin ya ishe ni na haƙura, sai ga shi ina barci da wuri, tulin ɗinkin da ya taru ya narke, har na koya wa babban yarona na shago yankan babbar riga. Na ɗauka na warke. Ranar da sabis ya dawo, ban rufe ido ba sai da asuba.

Ƙanwata ce ta fara fahimtar da ni yadda abin yake. Ta karanci halayyar ɗan Adam a jami'a, kuma ba ta da tsoron gaya mini gaskiya. Ta ce, "Yaya, ba kai kaɗai ba ne, kuma ba haka kawai abin yake faruwa ba." Ta ba ni labarin wani masani Ba'amurke, B.F. Skinner, da ya yi gwaji da tantabaru. In tantabara ta caki maɓalli hatsi ya zubo kowane lokaci, to da an daina zubowa takan haƙura da wuri. Amma in aka sa hatsin yana zubowa jefi-jefi, ba ta san ko a caka ta nawa zai zo ba, sai ta yi ta caka ba ji ba gani. A kan wannan dabara aka gina injin caca, kuma ita ce a cikin jan allo da yatsa: bidiyo tara na banza ne, na goma ya taɓa ka, kai kuma ba ka san wanne ne na goman ba. Ta ce a da shafin intanet yana da ƙarshe, sai ka danna kafin ka shiga na gaba, a 2006 wani mai suna Aza Raskin ya ƙirƙiro wanda ba ya ƙarewa, kuma shi da kansa ya fito daga baya ya nuna nadama. Mutanen nan lokacinka suke sayar wa masu talla, don haka duk abin da zai riƙe ka, fushi ne ko sha'awa ko tausayi, shi za su ba ka.

Sai ta yi mini tambayar da ta fi wannan zafi: wane irin ɗinki na fi ɗagawa? Da na duba, ba ƙananan gyare-gyare ba ne. Shadda mai tsada ce, wadda in almakashi ya kauce sau ɗaya sai ka biya daga aljihunka, da kuma ɗinkin da na riga na makara a kansa, wanda ko kallon ledarsa na yi sai gabana ya faɗi. Ta ce masana sun lura jan ƙafa a kan aiki ba lalaci ba ne tsantsa, gudun wani ɓacin rai ne da aikin ke tayarwa, mutum ya nemi sauƙin yanzu ya bar wa kansa na gobe wahala. Wannan magana ta zauna mini daram. Kuma na ƙara da tawa fahimtar: bidiyon barkwanci in ka gama kallo ka san ka ɓata lokaci, amma na tausayi yaudararsa ta fi yawa, don kana tashi kana jin kai mutumin kirki ne mai taushin zuciya, kamar ka yi wani aikin alheri, alhali ko tsinke ba ka ɗaga ba.

Sanin ciwo daban, warkewa daban. Na goge manhajojin na sake saukewa ba adadi. Na sa wa wayar iyakar lokaci, ni ne kuma mai buɗewa.

A daminar 2023 kawuna ya kwanta rashin lafiya. Tun muna yara yana da doki, shi ne abin alfaharinsa, duk Sallah sai ya kai shi Zariya hawa. Wanda yake da shi a lokacin bikili ne, ya fara manyanta. 'Ya'yan kawu duk ba sa gari, sai ya aiko aka kira ni. Ya ce, "Ɗana, kai ne mai son dabba a gidan nan. Ga amanar dokina har Allah Ya tashi kafaɗata." Na karɓa da murna. Akwai ɗan miki a gefen cikinsa inda majayi ya goge shi, bai fi faɗin kwabo ba. Likitan dabbobi ya ce a riƙa wankewa da ruwan gishiri safe da yamma, a shafa magani, kada a bari ƙuda ya zauna. Harawa da dusa da ruwa kam ina ba shi, don in an makara haniniyarsa har titi. Wankin mikin ne, da yake ba ya kuka a kansa, na riƙa cewa anjima. In zo barga da yamma, in zauna a kan turmi in ce bari in duba saƙo ɗaya, kafin in ɗago an kira magariba, duhu ya yi, sai gobe.

Wari ne ya fara sanar da ni. Na tarar da shi yana ta karkaɗa fata yana kai baki wurin, yana buga ƙafa. Da na haska fitila, mikin ya buɗe ya kai tafin hannu, gefensa ya kumbura, cikinsa fari fat da tsutsa suna motsi. Na kira likita jikina na rawa. Aka sa masa dabaibayi, ni na riƙe ragama, kansa a kafaɗata, likita na zaƙulo tsutsotsin da hantsaki ɗaya bayan ɗaya yana jefawa a gwangwani. Duk lokacin da ƙarfen ya shiga sai in ji jikin dokin gaba ɗaya ya girgiza, gumi na tsattsafo masa a wuya, numfashinsa mai zafi na dukan bayana. Bai yi harbi ba, bai yi cizo ba. Likitan bai zage ni ba, cewa kawai ya yi, "Wannan aikin minti biyar ne da an yi shi a kan lokaci." Babu kiɗa a wurin, babu wanda ke ɗauka, kuma ba yadda zan ja yatsa in wuce zuwa na gaba. Dole na tsaya har aka gama.

Washegari na je na gaya wa kawu da bakina. Ya daɗe yana kallon rufin ɗaki, sannan ya ce, "Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya ba da labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, da wanda aka gafarta wa saboda ya shayar da kare. Dukkansu dabbar da ke gabansu ce. Je ka ka kula da shi." Bai ƙara ko kalma ba, kuma bai karɓe amanar ba.

Jinyar ta ɗauki makonni. A cikinta ne na bar babbar waya a gida na koma ƙarama mai maɓalli, don na ga in tana aljihuna ba na iya mallakar kaina. Da asuba in wuce barga, in wanke miki, in kwashe kashi, in jiƙa dusa da 'yar kanwa, sannan in buɗe shago. Abin mamaki, na lura in na fara ranar da aikin da ba ya jira, sai hannuna ya saki a kan sauran. Na ɗauki ɗabi'ar fara yanka shaddar da na fi tsoro tun kafin yara su iso. Tsoron ba ya wuce shimfiɗawa da sa alli, da almakashi ya shiga shi ke nan.

A cikin karance-karancena na baya akwai labarin da na wuce shi a gurguje, sai a lokacin ya dawo mini. Wata Baturiya, Dorothy Brooke, ta isa Alƙahira a 1930 ta tarar da tsofaffin dawakin sojan Ingila da aka sayar bayan yaƙi suna jan kaya a titi, sun rame sun zama ƙashi da fata. Ta rubuta wasiƙa zuwa wata jaridar Landan, aka tara kuɗi, ta saye wajen dubu biyar daga cikinsu, a 1934 kuma ta buɗe asibitin dabbobi kyauta a birnin. Ƙungiyar da ta kafa tana aiki har yau a kan dawaki da jakuna. Abin da ta gani ni ma na gani a allo, abin da ta ji na tabbata na ji. Ita dai da ta ji sai ta tashi.

Dokin ya warke, tabo ya rage inda gashi bai sake fitowa ba. Kawu ma ya samu sauƙi, ko da yake bai ƙara hawa ba, ni nake fita da shi kilisa da yammacin Juma'a. Ban daina kallon fina-finan ba, kuma ba na cikin masu cewa a daina. Sai dai yanzu a talabijin nake kallo, daga farko har ƙarshe, tare da yarana, in ya ƙare a kashe a yi hira. Babbar 'yata ta tambaye ni dalilin da ya sa ba a taɓa yin fim a kan alfadaran kakanmu da mutanen da suka ja su ba, ni ma tambayar da nake yi ke nan. Babbar wayar tana hannun matata, da yamma take ba ni in amsa saƙon kwastoma in ɗora hoton ɗinki, tana zaune a gefe. Ni na roƙe ta ta yi haka. Da aka ƙara kuɗin kira da data a farkon 2025, na zauna na lissafa abin da nake kashewa a da, na ga ya isa kuɗin makarantar yaro guda.

Ba zan ce na rabu da abin kwata-kwata ba. Ranar da raina ya ɓaci, ko ciniki ya yi ƙasa, ina jin hannuna na neman wayar, kuma akwai daren da nakan karya dokar. Kwastomomin da suka gudu wasu sun dawo, wasu ba su dawo ba.

Damuwata yanzu wani yaro ne a shagona, ɗan shekara goma sha bakwai, hannunsa na da kyau ƙwarai a surfani. Na ga yana jingine waya a jikin keke daidai inda nake jingine tawa, idonsa ja da safe. Na sa akwati a bakin ƙofa, kowa ya ajiye wayarsa har azahar, ni ne na farko. Sauran sun saba, shi kuwa kullum sai ya nemi uzurin fita. Na je na sami mahaifinsa mun yi magana, mun shirya daga makon gobe zai riƙa bina barga da asuba, shi zai ɗauki nauyin ruwa da harawa.